Macijin Kusugu da Macijin Girka

Jawabin da aka gabatar a taron ɗaliban jami'a 'yan ƙasar Baure, lokacin dogon hutu



An ɗora mana nauyin yin magana a kan wani fanni na adabi, watau waƙoƙi da wasannin kwaikwayo da labaru na zamanin nan waɗanda marubutansu suka ɗebo daga tsohon adabin Girkawa da na Rumawa. Mun sani tun da aka faɗi kan maganar akwai masu cewa a zuci, me ya gama kifi da kaska? To, muna roƙon a yi mana haƙuri a saurari wani ɗan labari tukuna, sa'an nan a yanke mana hukunci.

Wani ɗan sarki ne ya baro garin ubansa a can gabas, ba shi kuwa da halin komawa. Ya yi ta tafiya har ya iso wani wuri mai ruwa, amma wani ƙaton maciji ya tsare ruwan, ya hana kowa ɗiba. Baƙon nan ya kashe macijin, ya auri mace mai daraja, daga zuriyarsa kuma sarakunan ƙasar suka fito. Duk yaron da aka haifa tsakanin Baure da Zango da Mai'aduwa zai ce wannan ai Bayajida ne. Amma wanda muke nufi sunansa Kadmus, ɗan sarkin Taya ta gaɓar tekun Sham, wanda ubansa ya aike shi neman ƙanwarsa da aka sace, ya ce kada ya dawo sai da ita. Garin da ya kafa a wurin da ya kashe macijin shi ne Tibis ta ƙasar Girka. Girkawa sun daɗe suna ba da wannan labari, kuma Obid, mawaƙin Rumawa, ya tsara shi cikin waƙa da Latin shekara 2,000 da suka wuce.

Tun kafin zumuɗi ya kwashe wani, bari mu ja kunne. Babu wata shaida da ta nuna Girkawa sun aro labarin daga Daura, ko kuwa mutanen Daura sun aro daga Girka. Labarin maciji mai tsare ruwa ya bazu cikin duniya, domin duk inda ruwa ke da wuya, wanda ke riƙe da bakin rijiya shi ke riƙe da gari. Mutanen Soninke na tsohuwar daular Gana suna da macijinsu mai suna Bida, su a wurinsu ma kashe shi ne ya jawo fari da rushewar daula. Masana tarihi kuma, irin su Shehun Malami Abdullahi Smith a cikin nazarinsa na 1970, sun nuna cewa kafuwar daulolin ƙasar Hausa al'amari ne mai tsawo wanda ya fi ƙarfin zuwan baƙo guda. Saboda haka yau mun bar wa masu tarihi tarihinsu. Mu abin da ya dame mu shi ne abin da mawaƙi ke yi da labari idan ya gāje shi.

Ga inda hanya ta rabu. Mu idan an kashe maciji, an yi aure, an haifi Bawo, an lissafa Hausa Bakwai, sai a shafa fatiha. Su kuwa Girkawa daga nan ne suka fara. Suka ce Kadmus ya shuka haƙoran macijin, mayaƙa suka tsiro daga ƙasa da makamansu, suka faɗa wa juna har saura biyar, waɗannan biyar su ne kakannin manyan gari. Watau tun ranar da aka aza harsashin birnin da jinin 'yan'uwa aka kwaɓa ƙasar. Suka ce ya yi bauta shekara takwas don biyan diyyar macijin. Jikansa Fentiyas, uwar da ta haife shi ce ta yayyaga shi cikin hauka. A cikin zuriyarsa aka sami Idifus, wanda ya kashe ubansa bai san ubansa ba ne, ya iso Tibis a baƙo, ya raba mutane da wata dodanniya mai kacici-kacici, aka saka masa da sarauta da auren sarauniya, ashe mahaifiyarsa ce. 'Ya'yansa maza biyu suka kashe juna a kan gadon sarauta. 'Yarsa Antigoni ta rasa ranta domin ta ƙi bin dokar sarki wadda ta hana a binne ɗan'uwanta. Shi kansa Kadmus, da tsufa ya kama shi, sai ya rikiɗe ya zama maciji. Daga wannan gida guda mawaƙan Atina, irin su Sofokilis da Yurifidis, suka fitar da wasannin da har yau ake yi, bayan fiye da shekara 2,400.

To, ba a Turai kaɗai ake yin su ba. A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, Ola Rotimi ya nuna wasansa The Gods Are Not to Blame a Ile-Ife, aka buga shi littafi a 1971, kuma da yawa daga cikin na zaune nan sun karanta shi don jarrabawa. Ya ɗauki Idifus ya mai da shi Odewale, Tibis ta koma Kutuje ta ƙasar Yarabawa. Abin lura shi ne inda ya sāke. A wurin Sofokilis, gardama ce ta wa zai kauce wa wani a kan hanya ta sa ɗa ya kashe uba. A wurin Rotimi rikicin gona ne, abin da ya tunzura Odewale kuma shi ne tsohon ya yi wa harshensa da ƙabilarsa ba'a. Ya kashe mutum don kare ƙabilar da yake zaton tasa ce, alhali shi da wanda ya kashe jini ɗaya ne. Wanda ya kalli wannan a 1968 bai bukaci a yi masa fassara ba. Da Rotimi ya hau dandali ya kama sunayen shugabannin yaƙi, da wataƙila wasan bai kwana biyu ba. Da ya aro tsohuwar riga daga nesa, sai ya faɗi abin da ke ransa kowa ya ji.

Wole Soyinka ya bi da nasa a 1973, ya sāke tsara wasan Yurifidis a kan Fentiyas domin gidan wasan kwaikwayo na ƙasar Ingila, ya shigo da bayi cikin 'yan amshi, maganar ta koma ta wa ake yankawa don gari ya zauna lafiya. Femi Osofisan ya rubuta Tegonni, aka fara nuna shi a Atlanta ta Amurka a 1994, shekara guda bayan soke zaɓen 12 ga Yuni. Antigoninsa 'yar sarki ce mai zubin tagulla, wanda ya hana binne gawa kuma gwamna ne Bature. A 2004 ya juya ga Yurifidis, ya ɗauki kukan matan Turoyi bayan an ci garinsu ya sa a bakin matan Owu, birnin Yarabawa da aka rushe wajen 1820 da 'yan kai. A Afirka ta Kudu ma, cikin wasan The Island na 1973, fursunoni biyu ne ke koyon wasan Antigoni a kurkukun tsibirin Robin.

Wani zai tambaya, don me duk waɗannan daga kudu suke? Amsar a fili take. Tun 1948 da aka buɗe kwalejin jami'a a Ibadan ake koyar da Girkanci da Latin a can, kuma a wannan sashe ne mawaƙi Christopher Okigbo ya yi karatu. Mu kuwa ta wata ƙofa dabam Girkawa suka shigo mana, tun kafin Bature ya san hanyar Sakkwato. Duk almajirin da ya karanci manɗiƙi a zaure ya gaisa da Aristo, ko ya sani ko bai sani ba, domin a Bagadaza aka juya littattafansa zuwa Larabci, garin nan dai da aka ce Bayajida ya baro. Sai dai malaman Bagadaza falsafa da likitanci da lissafi suka ɗiba, ba su ɗebo wasannin ba.

A nan akwai wani abu da ya kamata mu tsaya a kansa. Aristo yana da ɗan littafi a kan waƙa da wasan kwaikwayo. Wani malami a Bagadaza, Abu Bishir Matta, wanda ya rasu a 940, ya fassara shi zuwa Larabci. Da ya iso kan kalmomi biyu da Girkawa ke kiran wasan alhini da wasan ban dariya da su, ya duba bai ga irinsu a wurin Larabawa ba, don ba su da gidan wasa irin na Atina. Sai ya kira na farko madihu, na biyu hija'i, watau yabo da zambo. Ibn Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya bi shi a kan haka cikin sharhinsa. Ba mu ga laifinsu ba, don mutum da abin da ya sani yake auna abin da bai sani ba. Amma wasan alhini ya wuce yabo, ya kuma wuce zambo. Idifus mutumin kirki ne, shi ya ceci gari, shi ne kuma annobar gari, kuma da hannunsa ya tono asirin kansa domin ya ƙi daina bincike. Mai kallo ba zai iya yi masa kirari ba, ba zai iya yi masa dariya ba, sai dai ya koma gida jikinsa a sanyaye.

Mu kam a fagen yabo da zambo ba mu da na biyu. Wanda ya saurari Bakandamiyar Narambaɗa, ko waƙoƙin fada na Ɗanƙwairo, ko Mamman Shata wanda kabarinsa ke nan Daura tun 1999, ya san Hausa ba ta bukatar aron fasaha a wurin kowa. Kai, masanan Amurka da suka so gane yadda Homa ya tsara dogayen waƙoƙinsa, sai da suka tafi ƙasar Yugoslabiya ta wancan zamani wajen 1933 suka zauna gaban mawaƙan baka, suka tarar da abin da kowane ɗan amshi a ƙasar Hausa ya sani, watau mawaƙi yana da taskar kirari da jimloli shiryayyu waɗanda yake ɗorawa a kan kiɗa nan take. Amma a ganinmu labarin Bayajida mun tsare shi a ɗakin yabo kurum. Muna tuna shi da Sallar Gani, muna kai baƙi Kusugu su sha ruwa, kuma haka ya dace. Sai dai akwai mutane cikin labarin waɗanda har yau ba wanda ya tambaye su yaya suka kwana.

Ga Magira, 'yar Mai na Barno. An aura mata baƙo, baƙon ya ga ransa na cikin haɗari ya gudu da ita, da suka iso Garun Gabas cikinta ya tsufa, ya bar ta nan ya yi gaba. Ta haifi Biram, shi kuwa ya tafi ya auri sarauniya. Bajil, babban mawaƙin Rumawa wanda ya rasu shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ba da labarin Iniyas, wanda ya tsere daga Turoyi bayan an ƙone ta, ya sauka Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, sarauniya Dido ta karɓe shi ta ba shi zuciyarta, sa'an nan ya bar ta ya haye Italiya ya auri 'yar sarki, ya zama kakan Rumawa. Sarkin Rum na zamaninsa Bajil yake ɗaukakawa da waƙar, amma duk da haka ya ba Dido babi guda sukutum, har ya zamana masu karatu sun fi tuna kukanta da nasarorin Iniyas. Obid ya ƙara da tsara wasiƙa cikin waƙa, wai daga Dido zuwa ga wanda ya bar ta. Ina wasiƙar Magira? Daga nan zuwa ƙasar Haɗeja, inda Garun Gabas take, tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota.

Ga kuma Bagwariya, baiwar da Daurama ta ba Bayajida. Ta riga uwargijiyarta haihuwa, ta sa wa ɗanta Karɓagari. Da Daurama ta haifi nata sai ta ce Bawo, watau a mayar da abin da aka karɓa. Jama'a, mata biyu suna habaici da sunayen jarirai, garin da ake jayayya a kansa kuwa na ɗayarsu ne tun kaka da kakanni. Wanda ya taɓa zama gidan kishiyoyi ya san wasa ya riga ya haɗu, saura a rubuta. Daga wannan habaici ne aka raba ƙasashe, aka ce waɗannan bakwai Hausa ne, waɗancan bakwai banza ne, kalmar da ɗan Kabi ko ɗan Zamfara ko Banufe ba zai ji daɗinta ba, kuma yana da gaskiya. Ita Daurama fa? Kafin zuwan baƙo mata ke sarauta a Daura, ɗaya bayan ɗaya. Bayan zuwansa sai maza, abin da ya rage wa mata shi ne sarautar Magajiya. Ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe maciji, shi kuwa ya ce ita yake so. Me ta yi tunani a daren nan? Ta sama wa talakawanta ruwa kullum a maimakon ranar Juma'a kaɗai, amma me ta biya? Sai tsohuwa Ayana wadda ta sauki baƙon, ita kaɗai ta san gaskiya sa'ad da manyan gari ke rige-rigen cewa su ne suka yi kisan. A dandalin Atina irin wannan tsohuwa ce ake sa wa ta zo ta faɗi abin da ya faru da dare.

Mun san akwai mai cewa wasannin Girkawa cike suke da gumaka da bokaye, me Musulmi zai yi da su? Tambaya ce mai nauyi, kuma wasu sun riga mu fuskantarta. A 1949 marubuta biyu a Masar, Taufiƙ al-Hakim da Ali Ahmad Bakasir, kowannensu ya fitar da nasa wasan a kan Idifus. Dukansu biyu suka cire wa gumaka iko, suka mayar da duban da aka yi wa jariri makirci ne na mutane masu neman mulki da dukiya, waɗanda suka fake da sunan gaibu. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu, don mun san gidaje nawa boka ya raba da cewa wane ne ya yi wa wane asiri. Tun kafin su, a 1904, Sulaiman al-Bustani ya buga waƙar Homa ta yaƙin Turoyi cikin baitocin Larabci a Alƙahira. A gida kuma Abubakar Imam ya nuna mana cikin Magana Jari Ce cewa ana iya ɗauko labari daga Hindu ko Bagadaza ko Jamus a naɗa masa rawani har uwarsa ta kasa gane shi.

Kayan aikin ma ba sai an yi odarsu ba. Gidan wasan Atina fili ne a sarari, da rana ake yi, masu magana ba su wuce uku ba, sai 'yan amshi 12 zuwa 15 waɗanda ke waƙa da rawa a madadin jama'ar gari. Galibi ba a kisa a gaban mutane, sai dai manzo ya shigo ya ba da labari. Wannan ya dace da kunyarmu, ya kuma dace da aljihun ɗalibi. Muna da dandali, muna da tashe da wasan gauta inda aka saba kwaikwayon manya a gaban manya, muna da makaɗa da 'yan amshinsu, muna da 'yan matan gaɗa. A Samaru, wajen 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta gina gidan wasa na ƙasa da jinka, ɗakuna kewaye da tsakar gida. A nan Baure ƙofar makarantar firamare da fitila biyu sun isa, 'yan amshi kuwa su zama matan gari ɗauke da tuluna, suna jiran Juma'a.

Akwai wani labari kuma da ya fi na Kusugu kusa da mu. Wajen 1805, a zamanin jihadi, Malam Isiyaku ya ci birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Gidan sarautar da ya fita daga baya ya rabu, wani reshe ya zauna Zango, wani ya zauna nan Baure, har ya zamana akwai Daura uku a ƙasa ɗaya, ga kuma Damagaram daga arewa tana miƙo hannu. Haka aka zauna kusan shekara ɗari, sai da Turawan Ingila da na Faransa suka shata iyaka, aka ɗauko Malam Musa daga Zango aka mayar da shi gadon Daura. Masanin nan M. G. Smith, mutumin Jamaika, ya rubuta littafi babba a kan haka a 1978, The Affairs of Daura. Gudun hijira, da 'yan gida ɗaya masu kallon kujera ɗaya, da iyakar da ta raba dangi, wasu a Nijeriya wasu a ƙasar Magarya, babu abin da Tibis ta fi mu da shi.

Amma shawararmu ga masu alƙalami ita ce kada su fara da wannan. Herodotus, marubucin tarihin Girkawa, ya ba da labarin wani mawaƙi mai suna Firinikus wanda ya yi wasa a kan faɗuwar birnin Miletus a hannun Farisa, 'yan shekaru kaɗan bayan aukuwar abin. Mutanen Atina suka fashe da kuka a wurin kallo, da aka tashi suka ci shi tarar dirakma 1,000 domin ya fama musu gyambo, suka kuma hana a sāke yin wasan. Mafi yawan wasannin alhinin da suka iso gare mu daga Atina a zamanin dā can aka ajiye su, da yawa kuma a garin wasu, musamman Tibis wadda ba ta ga maciji da Atina. Jikokin waɗanda suka fita daga Daura da jikokin waɗanda suka shiga duk suna nan da ransu, sun yi auratayya, wasunsu ma suna zaune kafaɗa da kafaɗa a cikin wannan ɗaki. Magira da Bagwariya da Ayana kuwa ba su da mai kai ƙara gaban hakimi. Hutun nan saura mako shida, kuma mun ga 'yan sashen Hausa da na wasan kwaikwayo a layin baya. Su muke jira su zo mana da daren Ayana kafin a koma makaranta.